Faifan da Ya Yi Ihu a Motar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Saboda waɗannan abubuwa biyu, na girma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Wanda ya tashi a gida ya san wannan kunyar, ba sai an yi masa bayani ba. Ni kuwa a Upper Marlboro ta ƙasar Amurka na tashi, inda maƙwabta ke tsayawa a bakin gareji su ƙwala wa 'ya'yansu kira har layi ya amsa, don haka sai da na yi wayo sosai kafin na yarda ba fushi yake yi da ni ba.

Umma ta yar da tata kunyar tun ina jaririya. Ta ce ƙasar da kowace taga ka je sai an tambaye ka sunan ɗanka ba wurin sunkuyar da kai ba ce. Baba ya riƙe tasa gam. Idan yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a falo, sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." Idan na ci jarrabawa, sai ya ce wa Umma, alhali ina tsaye a wurin, "Ki ce wa waccan ta yi ƙoƙari." Umma ta juyo ta ce, "Waccan, kin dai ji." Ƙanwata kuwa har kunnenta yake ja, ya yi ta kiran sunanta don tsokana, ta yi ta amsa masa da Turanci.

A shekarar da nake ba da labarinta Baba ya ajiye aikinsa na injiniyan ruwa, ya ce da ƙarshen bazara zai koma Zariya, gidan da ya daɗe yana ginawa. Umma za ta bi shi idan ƙanwata ta gama makaranta. Ni a nan zan zauna. Na san idan ya tafi, abin da zai rage tsakaninmu shi ne gaisuwar waya: an tashi lafiya, ya gida, ga Ummanku. Ina so in yi hira da mahaifina ko sau ɗaya kafin ya hau jirgi, hira irin wadda mutum zai faɗi wani abu, ɗayan ya ba shi amsa. Ban san ta inda ake farawa ba.

Da rana ina aiki a ɗakin karatu na unguwa. Bayan haka ina yi wa wata ƙaramar mujalla sharhin littattafan waƙa. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a Hyattsville, a saman wani kantin kayan abincin Afirka, shi ya sa kullum matattakalar ke ƙanshin busasshen kifi da daddawa. Editar wata Ba'amurkiya ce doguwa mai furfura, mai saurin magana. Wata rana na kai mata aikina, sai ta miƙo mini faifan sidi a cikin kwali ruwan toka. Ta ce mai yi musu sharhin kiɗa ta tafi hutun haihuwa, wannan kuwa tsohon faifai ne na wasu matasan Jamus, daga farkon shekarun tamanin, lokacin da salon da ake kira pank ya haifar da wani sabon yayi a ƙasarsu. An gyara sautinsa an sake fitar da shi.

Na ce, "Ban iya Jamusanci ba."

Ta ce, "Su ma ba su iya kiɗa ba lokacin da suka yi shi. Ki je ki saurara kawai."

Sai da na iso gida na tuna babu inda zan saka shi. Kwamfutata ba ta da ramin faifai, motata ma haka. A duk gidan, tsohuwar motar Baba ce kaɗai ke karɓar sidi. Bayan la'asar na ɗauki makullin, na shiga na rufe gilasai, na kunna.

Ban so shi ba. Ni mai son abu mai taushi ce, waƙar da za ta bar ni in kalli ruwan sama a taga. Wannan kuwa kamar an zuba cokula a injin wanki. Mai ganga yana gudu kamar an biyo shi, mai jita yana maimaita abu ɗaya har ya zama ciwon kai, ga wata na'ura tana tsiwa a baya kamar ƙararrawar ƙofar kanti. A saman duk wannan wata yarinya tana ihu, muryarta na tsagewa a ƙarshen kowane layi. Waƙoƙin gajeru ne, kafin ka gama ɓata rai da ɗaya ta ƙare. Na ƙara sautin don in gane ko akwai abin da ya ɓuya mini. Na gwada fassarar waya, ta ba ni gutsattsarin kalmomi, tantabara a nan, kwalba a can, babu abin da ya haɗa su.

Na sami Umma a kicin tana yanka kuɓewa, na kai mata kukana. Ba ta ko ɗago ba.

"Ga mai Jamusanci can a falo yana shan shayi."

"Haba Umma. Ta yaya?"

"Ke da shi kuka sani. Ni na gaji da aikin ɗan aike, ba a biyana."

Na san Baba a Jamus ya yi karatu. Akwai hotonsa cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, siriri, yana murtuke fuska a gaban wani gini. Daga can ya samo son baƙin burodi mai tsami da ƙin makara. Ban da wannan bai taɓa cewa komai game da ƙasar ba. Kuma mutumin da ba ya kunna komai a mota sai karatu da labarai, ina zan dosa masa da wannan hayaniyar?

A makon ne aka yi masa aikin yanar ido. Likitan yana Annandale, kuma ya hana shi tuƙi sai ido ya warke. Umma ma'aikaciyar jinya ce, safiyarta ba tata ba ce, don haka kai shi dubiya ya faɗo kaina. Ya ce wa Umma ba zai shiga motata ba, ta yi ƙasa da yawa, gwiwarsa ba ta so. Muka fito da safe, ya zauna a gefena cikin farar jallabiya da baƙin tabarau, na ce a sa bel, ya sa. Na murɗa makulli.

Na manta faifan yana ciki. Na manta kuma inda na bar sautin.

Yarinyar nan ta fasa ihu a cikin motar har madubi ya yi rawa. Na daburce, hannuna ya je kan abin goge gilashi, ya je kan fanka, ko'ina ban da inda ya kamata. Ina cewa, "Baba a yi haƙuri, aiki ne, na mujalla ne," sai na ji ya ce, a hankali, yana kallon gaba:

"A bar shi."

Na bar shi. Na ɗan rage dai. Muka hau babban titin da ya kewaye birni, muka faɗa gosulo kamar kullum. Ban yarda na kalle shi ba, amma ta gefen ido na ga yatsansa yana bugun gwiwarsa, kuma yana tsayawa daidai inda gangar ke tsayawa, kafin ta tsaya. Da waƙa ta biyu ta shigo, sai ya yi gyaran murya ya ce wa gilashin gaba, "Cewa take yau Lahadi, an rufe kantuna, an rufe komai, har tantabarun bakin tasha sun rasa abin yi. Ta ce idan ba wanda ya fasa wani abu, ita za ta fasa."

Na ce wa sitiyari, "Ta fasa?"

"Ina fa. Baki ne kawai. Yaran kirki ne, yawancinsu 'ya'yan malaman makaranta."

Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba. Daga baya na gane abin da motar ta yi mana. A gida, in za ka yi wa mutum magana sai ka fuskance shi, wannan kuwa ya fi ƙarfin Baba. A mota kowa gabansa yake kallo. Shi yana yi wa titi bayani, ni ina yi wa titi tambaya, ba wanda ya keta wa wani kunya.

Likitan ya so ganinsa a kai a kai, don idon hagu ya yi gardama. Kowace tafiya muna cin waƙoƙi kaɗan. Ya fassara mini ta yarinyar da ke sa wa kwalabe murfi a masana'anta tana mafarkin teku. Ya fassara wadda ba ta da komai sai sunayen tashoshin jirgin ƙasa da tsaki a tsakani. Ya ce gyaran da aka yi wa sautin ya yi yawa.

"An wanke shi fes. A kaset ɗin da, sai ka ji ƙarar ɗakin, ka ji wayar jita tana ƙugi. Wannan kamar an ba ka tuwo an kankare ƙanzon an zubar."

Na riƙe wannan maganar a kaina har muka isa inda zan iya tsayawa in rubuta ta.

Akwai wata waƙa kusa da ƙarshe da ta fi sauran sanyi. Gangar ta lafa, yarinyar ta daina ihu, tana magana kamar mai karanta takardar magani. Da muka zo kanta Baba bai fassara ba. Na mayar da ita farko. Sai ya ce, "Da ubanta take. Tana tambayarsa me ya sa idan an zauna cin abinci ba a jin komai sai ƙarar cokali."

Wata babbar mota ta wuce mu.

Ya ce, "Nasu shirun daban ne. Iyayensu sun ga yaƙi, wasu sun yi abin da ba ya faɗuwa. Shi suke rufewa."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Namu fa?"

Ya ce, "Namu, abu ne ya yi wa mutum girma a baki."

Ranar da ya ba ni labarin kaset ɗin, muna dawowa ne. An ɗiga masa magani, haske yana damunsa, ya jingina kai ya rufe ido a bayan tabarau. Muna kan gadar kogin Potomac, motoci sun tsaya cik, ruwan yana ƙyalli a ƙasa.

Ya ce a gidan ɗalibai inda ya zauna, bangon ɗakin siriri ne kamar kwali. Maƙwabcinsa wani dogon Bajamushe ne mai gashi a tsaitsaye kamar bushiya, da fil a kunne, kuma wannan kaset ɗin yake kunnawa safe da yamma. Baba ya buga bango da takalmi, ya kai ƙara wurin mai kula da gidan, ya toshe kunne da auduga yana karatu. Duk a banza. Da haka ya haddace waƙoƙin ba da son ransa ba.

Sai cikin hunturu wani ɗalibi ɗan garinsu ya dawo daga hutu, ya zo ɗakin ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce Inna, mahaifiyar Baba, ta rasu. Har an yi sadakar arba'in. 'Yan'uwa ne suka yanke shawarar kada a gaya masa sai ya gama jarrabawa.

"Na yi alwala, na yi mata addu'a, na zauna a bakin gado. Hawaye ya ƙi zuwa. Namiji ne ni, a ƙasar mutane, wa zan yi wa kuka?"

Maƙwabcin ya ji labari a wurin wani. Don girmamawa sai ya kashe kiɗansa ɗungurungum. Kwana da kwanaki babu motsi ta bangon nan, ko tari.

"Wannan shirun ya kusa kashe ni. Dusar ƙanƙara a waje, ba ka jin ko takun mutum. Rannan na tashi na buga masa ƙofa. Ya buɗe a tsorace, ya ɗauka wani laifin ya yi. Na ce masa, kunna. Ya kunna ƙasa-ƙasa. Na ce, ƙara."

Ya ce yaron ya ba shi kujera, ya dafa masa shayi, ya yanka masa baƙin burodi, suka zauna har kaset ya ƙare, ya juya shi.

"Yarinyar nan ita ta yi mini ihun da ban iya yi ba. Allah ya saka mata, ko tana ina."

Gosulon ya saki. Ina tuƙi ina share fuska da bakin mayafi, sunan matar da ban taɓa gani ba yana kaina, na wuce mahaɗar da za ta kai mu gida. Bai buɗe ido ba, amma ya san titin a jikinsa.

"An wuce hanya."

"Na sani, Baba."

"To a ci gaba. Ai zagaye ne, zai dawo da mu."

Na rubuta sharhin a ƙarshen makon nan, a teburin kicin. Na faɗi gaskiya cewa sauraron farko bai yi mini daɗi ba, kuma waƙoƙi biyu na tsakiya har yanzu hayaniya ce kawai a kunnena. Na ce mai gangar ya fi kowa gwaninta, shi ne ke riƙe da sauran kada su watse. Na ce ƙarin waƙoƙin da aka ɗauko daga wani wasan da suka yi a gaban jama'a sun fi na ainihi rai, domin a nan ne ba a kankare ƙanzon ba, ana jin kwalba ta faɗi, ana jin wani yana dariya. Na sha wahalar bayyana ƙanzo da Turanci. Na ce wannan kiɗa ne na mutanen da suka tashi cikin shiru, kuma ya taɓa yi wa wani baƙo daga nesa amfani a ranar da babu abin da ya yi masa.

Kafin in aika, sai da na nemi izini. Muna hanyar Annandale na ce akwai labarin wani ɗalibi da maƙwabcinsa da nake so in sa.

Ya ce, "A sa. Amma kada a sa suna."

Na ce, "Ai mun saba."

Ya yi dariya. Wata gajeruwar dariya ta hanci, wadda na sha jin yana yi wa ƙanwata. Wannan tawa ce.

Editar ta kira ni ta ce ta yanke sakin layi guda, sauran ta bar shi yadda yake, kuma wa ya koya mini Jamusanci cikin mako biyu? Na ce wani fasinja.

Da mujallar ta fito na ajiye ta a kujerarsa ta mota. Ya ɗauka, ya juya ta, ya ce idon bai kai ga ƙananan rubutu ba tukuna, a karanta. Na tsaya a gefen wani wurin shan mai na karanta masa. Ya gyara mini abu ɗaya, ya ce shayin ba shayi ba ne sosai, wani ganye ne mai ɗanɗanon ciyawa, ya sha ne don kunya. Sannan ya karɓi mujallar, ya kai ta kusa da fuska, ya sa yatsa a kan layin da ke ƙarƙashin kanun, inda aka buga sunana. Ya bar yatsan a wurin.

"Mai rubutun nan tana da kunne," in ji shi.

Ba da daɗewa ba likita ya sallame shi, ya ce yana iya tuƙi. Da yamma na ji shi a falo yana ce wa Umma, "Ki ce wa waccan gobe akwai zuwa masallaci, idon bai gama washewa ba."

Umma ta ce, "Alhaji, likita fa ya ce ka warke."

"Likita ne a cikin idon?"

Haka na ci gaba da tuƙa shi har ƙarshen bazara, masallaci, kantin nama, sallama da abokai. Faifan ya ƙare mana tuntuni, muka shiga wasu maganganun. Ya ba ni labarin rijiyar gidansu, da yadda Inna ke waƙa ƙasa-ƙasa idan tana tankaɗe, ta daina da zarar ta ji takun mutum. Ya tambayi abin da nake rubutawa idan ba sharhi ba. Na karanta masa waƙata guda a wurin jiran fitila, ya ce bai gane ta duka ba, amma a sake karanta ƙarshen.

Ranar tafiya, a filin jirgi, na durƙusa na yi masa sallama a tsakiyar mutane masu jan akwatuna. Ya ɗora hannu a kaina, ya yi addu'a, ya ce wa Umma a kula da mai na motar, tana shan sa. Motar ya bar mini. Na tambaya ko a ciro masa faifan, ya ce a bar shi inda yake.

Sati na farko da ya kira, wayar Umma ya kira, aka yi gaisuwa aka miƙa wa kowa. Na ce a raina shi ke nan, mun koma. Sai ranar Lahadi da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar Baba daga Zariya. Ina ɗaki ina ninke kaya. Na ɗauka na gaishe shi, ya amsa, ina jin kukan kaji a bayansa.

Ya ce, "Ana kan hanya ne?"

Na dubi kayan da ke hannuna. Na ce, "Yanzu zan fita."

"To a kira idan an hau titi."

Na sauka da gudu ba ko takalmin kirki, na tayar da motar, na jingina wayar a gaban sitiyari, na kira shi. Ya ji ƙarar injin, ya ji sigina tana ƙyaf-ƙyaf. Sai ya gyara zama, na ji kujerar ta yi ƙara, ya ce, "Yawwa, uwata. Jiya na je na ga rijiyar nan."

Na wuce fitila biyu ina maimaita kalmar a raina.

Yanzu na koma Hyattsville da zama, jirgin ƙasa nake hawa zuwa aiki, motar ba ta da wani amfani a sauran kwanaki. Amma duk Lahadi ina zagaya birnin da ita, Baba yana magana daga gaban sitiyari. Wani lokaci ina tuna yarinyar nan mai tsagaggiyar murya, wadda yanzu ta isa samun jika, da dogon yaron da ya kashe kiɗansa don wani baƙo, in yi musu fatan alheri a inda suke. Idan hira ta yanke, Baba yakan ce a kunna masa ta tantabarun nan. In kunna, sautin ya bi waya ya tafi Zariya yana ƙugi, ya ce yawwa, haka yake a da.